Shin Hutun Sallah Yana Maye Gurbin Hutun Shekara? Abin da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya Ta Tanada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wata masana'antar roba a Kano, na kusa cika shekara uku ina aiki a kan inji amma ban taɓa tafiya hutun shekara ba. Da na yi magana, manaja ya ce hutun Sallah da ake ba mu shi ne hutunmu, in kuma na matsa za a ba ni kuɗi a madadinsa. A Babbar Sallar da ta wuce ma an sa wasunmu aiki washegari ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar manajanku ta haɗa abubuwa biyu da doka ta raba su, domin hutun shekara yana ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ne, ranakun hutun ƙasa kuwa irin su Sallah da Kirsimeti suna da tasu doka daban.

Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ce duk ma'aikacin da ya yi wata 12 a jere yana aiki, yana da haƙƙin hutu na aƙalla kwana 6 na aiki tare da cikakken albashinsa, wanda bai kai shekara 16 da haihuwa ba kuwa, ko da mai koyon sana'a ne, kwana 12. A lura cewa kwanakin aiki doka ta ambata, ranar da gwamnati ta ba da hutu kuwa ba ranar aiki ba ce, don haka a fahimtata babu hujjar cire kwanakin Sallah daga cikin shidan nan. Gaskiya kwana 6 ya yi kaɗan ƙwarai, musamman idan aka tuna cewa ma'aikacin gwamnatin tarayya daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 yake samu. Dokar tsohuwa ce, tun ta shekarun 1970, kuma mafi ƙarancin abin da za a bayar ta tsayar. Kamfani yana iya ƙarawa, amma ba shi da ikon ragewa.

Batun kuɗi a madadin hutu shi ne inda dokar ta fi tsanani. Ta haramta wa mai kamfani ya biya ma'aikaci kuɗi a maimakon hutun muddin yana nan a bakin aikinsa, ko da ma'aikacin ne da kansa ya nema saboda matsin rayuwa. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da yake tsayuwa a gaban inji daga safe zuwa yamma shekara da shekaru jikinsa hutu yake buƙata, kuma gajiya tana daga cikin abubuwan da ke jawo haɗari a masana'anta. Ana iya jinkirta hutun bisa yardar juna, amma jinkirin ba zai wuce wata 24 na aiki ba, ke nan ku da kuka doshi shekara uku an riga an ƙetare iyaka a kanku. Kuɗi yana halatta ne idan aiki ya ƙare, inda wanda ya yi aƙalla wata 6 za a lissafa masa rabonsa gwargwadon watannin da ya yi. Shi ma lissafin, kamar yadda sashe na 19 ya nuna, a kan ainihin albashi ake yin sa, ban da alawus-alawus da kuɗin ƙarin lokaci.

Sai ranakun hutun ƙasa. Daga cikinsu akwai 1 ga Janairu, ranar ma'aikata 1 ga Mayu, ranar dimokuraɗiyya wadda aka mayar 12 ga Yuni a 2019, ranar 'yancin kai 1 ga Oktoba, Kirsimeti, Juma'a da Litinin na bikin Ista, da kuma ranakun Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi, waɗanda Ministan Harkokin Cikin Gida yake sanarwa tun da sun dogara da kalandar Musulunci. Gwamna ma yana da ikon ayyana hutu a jiharsa, shi ya sa jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato kan ba da hutun 1 ga Muharram.

A nan ne zan gaya muku abin da wataƙila ba zai yi muku daɗi ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa doka ta wajabta a ninka kuɗin wanda ya yi aiki ranar hutu, alhali Dokar Ƙwadago ba ta yanke wani adadi ba. Abin da sashe na 13 ya ce shi ne sa'o'in da suka wuce lokacin aikin da aka tsayar ƙarin lokaci ne, kuma a cikin kowane kwana 7 sai an ba ma'aikaci hutun sa'a 24 a jere, in an tauye shi a rama masa da wani lokacin ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci. Ninkin da ake ji a wasu kamfanoni ya samo asali ne daga takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da masu kamfani. Masana'antar da injinta ba ya tsayawa tana iya tsara aikin karɓa-karɓa har a ranar hutu idan haka aka yi sharaɗi tun farko, sai dai a sa mutum aiki a ranar da ba ta cikin jadawalinsa kuma a hana shi komai, wannan yana da ƙarfin ƙorafi a kansa.

Shi ya sa takardar ɗaukar aiki take da muhimmanci. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da farawa, har da batun hutu da kuɗinsa. Ku ɗauko taku ku duba, in kuma ba a taɓa ba ku ba, wannan ma saɓa wa doka ne. Duk wannan kāriya ta shafe ku ne saboda aikin hannu kuke yi. Manajoji da ƙwararru dokar ba ta sanya su cikin ma'anar ma'aikaci ba, su takardarsu ce madogararsu.

Shawarata ita ce ku rubuta takardar neman hutu cikin ladabi, ku sa ranar da kuka fara aiki, ku ambaci sashe na 18, ku miƙa wa ofishin kula da ma'aikata, sannan ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago a masana'antar, ku sanar da wakilinta, domin koken mutum ashirin ya fi na mutum ɗaya wuyar yin watsi da shi. Idan aka ƙi saurare, ku kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, inda jami'ai kan kira ɓangarorin biyu su sasanta. In hakan ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a Kano.