Amsa kan naƙasassu, dabbobi da jari-hujja

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya haɗa haƙƙin naƙasassu da tausayin dabbobi har aka sako jari-hujja. Ba wai darajarsu ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Ma'aunin kasuwa ne ɗaya: nawa za ka kawo?

Jaki in ƙarfinsa ya ƙare sai a sayar wa masu fata, a kai Sin a yi magani. Sai 2024 Tarayyar Afirka ta hana wannan yanka. Makaho kuwa, tun ba a gwada shi ba an ce ba zai iya ba.

Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Amma zaga ofisoshi nan Bauchi, ka ƙirga nawa mai keken guragu zai iya shiga.