Tambayi Malam: Ya ci amsa an ba shi maki 1, abokinsa ya faɗi an ba shi 4

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, an raba sakamakon zango iyaye sun ga jan biro rai ya ɓaci. Guda huɗu na ɗauka, sauran a yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, don Allah ka raba ni da wani malamin lissafi. Yarona yana JSS 2 an ba su tambaya mai maki 5 ya rubuta amsa daidai wallahi da kaina na danna a kalkuleta na gani, amma 1 aka ba shi, abokinsa da suke benci ɗaya amsarsa ba daidai ba aka ba shi 4. In ba son kai ba mene ne wannan? Har na sa hula zan tafi wurin firinsifal uwarsa ta ce in dakata tukuna.
Wani uba daga Jekadafari, Gombe

AMSA: Alhaji ka cire hular ka yi wa uwar yaron nan godiya. Ban ga takardar ba amma na kusa rantsewa amsar kawai yaronka ya dangwara ba tare da ya nuna ta inda ya bi ba, kuma wannan 1 ɗin ma alfarma malamin ya yi masa, da a WAEC ne ko NECO yana iya tashi da sifili.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya taɓa zaman duba takardun lissafi na WAEC ya san takardar da ake ba mu jagora haruffa uku ne a cikinta, M da A da B. M makin hanya ne, wato ka ɗauko dabarar da ta dace. A makin amsa ne kuma ba a ba ka shi sai ka fara samun M ɗin da ya haife shi. B kuma maki ne mai zaman kansa, kamar ka zana abu daidai ko ka faɗi wata ƙa'ida. To a tambaya mai maki 5 sau da yawa amsar ƙarshe 1 ce tal, sauran duk suna kan hanya. Kuma takarda ta biyu ta lissafin WAEC, wadda ake nuna aiki a cikinta, mai tambayoyi 13 a amsa 10, maki 100 take ɗauka, ita kuwa ta canki-canka mai tambayoyi 50 rabin haka ce. Ka ga inda nauyin yake.

Bari in ba ka misali. Ɗan kasuwa ya sari kaya N8,000 ya sayar N10,000, ribarsa kashi nawa cikin ɗari? Amsa 25. Yaro na farko ya rubuta 2,000 bisa 8,000 sau 100, sai wurin soke sifili hannunsa ya zame ya samu 2.5. Na biyu ya raba 2,000 da 10,000 ya samu 20, aikinsa tsaf ba ko gogewa. Dukkansu sun faɗi, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne, na farko ya san riba da kuɗin sari ake auna ta gaggawa ce kawai ta ci shi, na biyun kuwa bai gane tushen maganar ba sai an sake zama da shi. Malamin da amsa kawai yake dubawa duka biyun zai zabga musu kuros ya wuce, bai san wa zai ba wane magani ba.

Sannan ita kanta amsa daidai takan yi ƙarya. Na taɓa ba 'yan aji ɗaya su sauƙaƙa 16 bisa 64 zuwa ƙananan lambobi, wani yaro ya soke 6 na sama da 6 na ƙasa ya bar 1 bisa 4, kuma amsar ke nan fa! Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Da ban ga aikinsa ba da na tafa masa, gobe ya je ya yi wa 12 bisa 24 haka ya samo 1 bisa 4 maimakon rabi. Ban ce yaronka haka ya yi ba, ban kuma ce leƙe ya yi ba, wataƙila ma irin masu yi da ka ne don akwai su kuma masu kaifi ne. Ka zaunar da shi yau da dare ka canja lambobin tambayar ka ce ya yi yana faɗa maka da baki. In ya yi, to matsalarsa ƙiwar rubutu ce, ka ce masa kowane layi da ya tsallake maki ne ya zubar.

TAMBAYA: Baba Malam ina wuni. 'Yata tana aji 5 na firamare, in ta taso tana taya ni sayar da awara a ƙofar gida, ko mutum biyar suka miƙo kuɗi lokaci ɗaya ba ta taɓa ɓata canji ba, amma lissafin makaranta kullum 30, 35, malamarsu har ta ce wai kanta ba ya ja. Abin na damuna sosai, ko lesin zan sa ta?
Wata uwa daga Bolari

AMSA: Hajiya wannan kalma ta kai ba ya ja ni dai ban yarda da ita ba, yarinyar da ke ba mutum biyar canji ana hayaniya mai na tafasa kanta yana ja har da gudu. Kuma ba a kanta aka fara ba. A 1985 wasu masu bincike sun fitar da abin da suka gani a birnin Resife na ƙasar Barazil, sun bi yara masu talla a titi suna sayen kaya a hannunsu suna tambayar kuɗi, yaran suna bugawa daidai kusan kowane lokaci, da aka ba su lissafin nan dai a takarda da fensir sai ga faɗuwa. A talla yaro da dabararsa yake yi, ya tara uku-uku ya cike, a takarda kuwa yana ƙoƙarin tuno wata hadda ce da bai san dalilinta ba.

Kafin ki kashe kuɗin lesin ki fara gano a ina take tuntuɓe. Akwai wata malama a Ostireliya, Anne Newman, da ta fito da wata hanya a 1977 wadda har yau ban ga mai sauƙinta ba, tambayoyi biyar ne ake yi wa yaro a jere. Karanta min tambayar. Me ake so ki nemo? Yaya za ki yi ki nemo shi? To yi in gani kina faɗa min. Yanzu rubuta amsar. Inda yaro ya fara cijewa nan ciwon yake, kuma abin da ta gano shi ne yara da yawa tun kafin a zo kan tarawa da ɗebewa suke ɓata, a wurin karatu da fahimta. To ina ga namu da tambayar ma da Turanci take zuwa, yarinya ta ga kalmar "difference" ba ta san ɗebewa ake nufi ba, a rubuta mata ta faɗi lissafi alhali Turanci ta faɗi.

Don haka ki ɗauki tambaya ɗaya daga littafinta, ki sa yayanta ko wani ya juya mata ita da Hausa, a mai da ita awara da naira. In ta amsa nan take kin san inda za a sa ƙarfi. In ko da Hausar ma ta tsaya sai a duba gaba. Kuma ki je ki sami malamar cikin mutunci ki gaya mata zancen canjin nan, mai yiwuwa ba ta sani ba, ajin da yara suka cika maƙil ba kowa malami ke sani ba.

TAMBAYA: Malam ni sabon malami ne bara na gama NCE, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare, aji ɗaya yara sun haura 80 kuma aji uku nake shiga. A kwaleji an ce mu riƙa auna yadda yaro yake tunani ba amsa kawai ba, amma fisabilillahi ta yaya? In na ce zan karanta aikin kowa layi-layi ko barci ba zan yi ba, shi ya sa CA ɗina, wato gwajin tsakiyar zango, duk canki-canka nake ba su.
Wani malami daga Kumo

AMSA: Ƙanena sannu da fama, na san wannan wahalar na sha ta. Canki-canka ba haram ba ce, JAMB ma da ita take yi, sai dai ba ta gaya maka komai game da hanya, mai zaɓi huɗu ko da ido rufe yaro ya yi zai iya tsintar kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya fisshe ni shi ne rage yawan tambaya. Maimakon goma ka ba da ɗaya mai nama. Misali ɗalibai 50 za su je ganin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, kowace bas tana cin mutum 18, bas nawa za a ɗauko? In ka karɓi takardu kar ka fara da jan biro, ka kasa su kashi-kashi a kan tebur kamar mai kasa tumatur. Ga waɗanda suka ce 3. Ga masu 2 saura 14, ga masu 2.8 (har yau ina jiran a nuna min tashar da ake samun bas ɗigo takwas), ga waɗanda suka ninka 50 da 18 suka kawo maka bas 900, ga kuma masu farar takarda. Minti ashirin ya ishe ka, kuma ka tashi da sanin abin da za ka koyar gobe. Masu 2 saura 14 sun iya rabawa sarai, komawa kan tambayar ne ba su yi ba su ga cewa yara 14 na tsaye a bakin titi. Masu 900 kuwa lambobi kawai suka gani suka afka musu.

Wannan afkawar tsohuwar cuta ce. Wajen 1980 a garin Girenobul na Faransa an tambayi 'yan firamare cewa a jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa, mafi yawansu suka tara suka ce 36. Ka gwada a ajinka da makiyayi ka sha mamaki, kuma duk yaron da ya ɗaga hannu ya ce Malam ai wannan ba ta amsuwa, ka rubuta sunansa ka riƙe.

Wurin ba da maki ni matakai huɗun nan na George Polya nake bi, masanin lissafi ɗan Hangari da ya rubuta su a 1945, fahimtar tambaya, tsara dabara, aiwatarwa, sai waiwaye a duba ko amsar ta shiga hankali. Kowanne maki 1, ka rubuta a allo yara su san da me za a auna su. Na huɗun nan shi ne maraya, kusan ba mai yinsa sai an sa masa maki. Wata dabarar kuma ka rubuta aikin da ke da kuskure a allo ka ce na wani yaro ne daga wata makaranta, su nemo inda ya ɓata, za ka ga har na bencin baya sun farka don yara na son kama laifin wani. Sannan duk mako ka kira biyar kawai su yi maka bayani da baki, da Hausa ma in ta kama, kafin shekara ta ƙare ka ji muryar mafi yawansu.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai don ni ya taɓa cina. Farkon fara aikina na ba wata yarinya sifili saboda ba ta bi hanyar da na koyar ba, tebur ta zana tana gwada lambobi har ta cimma amsar, ni kuma na ɗauka wasa ne. Sai da wani dattijon malami ya ɗauki takardar ya ce min kai wannan ta fi ka fahimtar tambayar. Kunyar ranar har yau ban manta ba. In hanya ingantacciya ce a ba ta makinta ko ba taka ba ce.

TAMBAYA: Malam makarantarmu ba lab, ni ke koyar da kimiyya a JSS. Ta yaya zan gwada su a aikace?
Wata malama daga Dukku

AMSA: Malama kicin ɗinki lab ne. Ki jiƙa zoɓo ki tace, ki zo da lemun tsami da ruwan kanwa da kofuna masu haske. Kafin a zuba komai kowa ya rubuta me yake zaton zai faru da dalilinsa, sannan a zuba, da lemun tsami zai ƙara ja, da kanwa zai juye ya yi duhu-duhu ya karkata zuwa kore, sai su rubuta abin da suka gani da yadda ya saɓa ko ya dace da zatonsu. Ga darasin asid (irin lemun tsami) da alkali (irin kanwa) ya fito. Wanda zatonsa bai ci ba amma ya kawo dalili kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya gani kar ki rage masa ko ɗaya, don in kika saba musu da cewa sai amsar littafi ake so, su ne za su je SS 3 su cika teburin taitireshan, wato gwajin auna asid da alkali, da lambobi tun ba su taɓa kwalba ba, mun gansu da yawa.

In kina son ki gane wa ya iya tsara gwaji, igiya da dutse da agogon waya sun isa. Ki tambaye su me ke sa lilo ya yi sauri, nauyin dutsen ko tsawon igiyar, ki ja gefe ki zuba ido. Tsawon ne, igiya mai mita 1 tana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 ta je ta dawo ko da wane dutse aka ɗaura. Amma abin da za ki sa wa maki shi ne wa ya canja abu ɗaya ya bar ɗayan yadda yake, wa ya ƙirga zuwa da dawowa goma ya raba maimakon ɗaya, wa ya maimaita. Rukunin da ya canja dutse da igiya lokaci guda ki tambaye su to yanzu wanne ne ya jawo, ki bar su su yi ta musu.

Ga kuma randa a cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ki tambaye su me ya sa take sanyaya kayan miya sosai a watan Maris amma ƙarfinta ya ragu a Agusta, wanda ya kai ga cewa iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima ruwan ba ya saurin bushewa ya gama da ke. Sai dai ranar zoɓon ki ce su zo da tsohuwar riga, don farin yunifom in ya sha zoɓo iyaye ofis za su biyo ki.