Manaja ya ce in rubuta murabus: zan samu kuɗin rashin aiki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ɗakin ajiye kaya na wani kamfani a ƙasar waje, kuma duk wata ana cire kuɗin inshorar rashin aiki daga albashina. Makon jiya manaja ya kira ni ofis, ya ce aikina ya ja baya, ba na cika adadin kayan da ake so a rana. Ya turo mini takarda da aka riga aka buga, ya ce in sa hannu cewa ni na ajiye aiki don kaina, wai hakan ya fi mini mutunci da a ce korata aka yi, kuma za su ba ni takardar shaida mai kyau. Na ce a ba ni lokaci in yi shawara. Ina da iyali, ga kuɗin haya. Idan na sa hannu, za a biya ni kuɗin nan kafin in samu wani aikin?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kawo mafita. Ka yi dabara da ka nemi lokaci. Kada ka sa hannu a takardar nan tukuna.

An kafa inshorar rashin aiki ne don wanda aiki ya kuɓuce masa ba da son ransa ba. Shi ya sa jami'in da zai duba fom ɗinka yake fara tambayar abu biyu: wa ya yanke aikin, kuma me ya jawo? Jami'in nan ba ya wurin lokacin da manaja ya rufe ƙofa yana lallashinka, bai ji muryarsa ba, bai ga yadda hannunka ke rawa ba. Abin da zai gani a kan teburinsa shi ne takarda mai cewa "ni na ajiye aiki", da sa hannunka a ƙasa.

Kowace ƙasa da dokarta, amma kusan duk sun haɗu a kan cewa mai murabus ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba yana shan hukunci. A Jamus ana tsayar masa da kuɗin mako 12, sannan a rage aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon lokacin da ya cancanci karɓa. A Birtaniya hukuncin farko kwana 91 ne. A Faransa ba shi da haƙƙi tun farko, sai bayan kwana 121 zai iya neman a sake duba lamarinsa. A Afirka ta Kudu asusun inshorar rashin aiki, wato UIF, ba ya biyan mai murabus, kuma dalilin da kamfani ya rubuta a fom ɗin bayanin ma'aikaci mai suna UI-19 shi ake dubawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne laifin da aka ɗora maka: aikinka ya ja baya. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda aka kora ya rasa kuɗin, kuma wannan tsoron ne yake sa su sa hannu da sauri. Ba haka abin yake ba. Korar da ke hana kuɗi ita ce wadda ta biyo bayan laifin ganganci, kamar sata, dambe a wurin aiki, ko ƙin zuwa aiki bayan an yi ta gargaɗi. Tun 1941 kotun ƙolin jihar Wisconsin a Amurka, a shari'ar kamfanin motocin haya na Boynton Cab, ta bayyana cewa gazawa, ƙarancin ƙwarewa da kuskuren da aka yi da kyakkyawar niyya ba su ne laifin da ke hana mutum kuɗin ba, kuma jihohi da dama sun bi wannan ma'aunin. Faransa ma ta wuce nan, domin a can ko wanda aka kora saboda babban laifi yana karɓa. Ke nan idan kamfani ya sallame ka don ba ka cika adadi, a yawancin wurare haƙƙinka na nan.

Ga kuma batun nauyin hujja. A tsarin Amurka, idan kora ce, kamfani ne zai kawo shaidar cewa ka yi laifi: takardun gargaɗi, ranaku, sunayen shaidu. Idan murabus ne, kai za ka tabbatar da cewa kana da dalili. Da sa hannu ɗaya ka sauke musu kayan ka ɗora wa kanka, kuma ka raunana damarka ta kai ƙara kotun ƙwadago cewa an kore ka ba bisa ƙa'ida ba. Ruwa ba ya tsami banza, ɗan'uwa. Wanda ya buga maka takardar tun kafin ka shigo ofis ya san amfaninta gare shi.

Gaskiya ne doka ta san murabus ɗin dole. Jihohin Amurka da yawa suna ɗaukar "ka ajiye ko mu kore ka" a matsayin kora. A Ingila kuma, bisa hukuncin alƙali Lord Denning na 1977 a shari'ar kamfanin Western Excavating da ma'aikacinsa Sharp, wanda ya tafi saboda kamfani ya karya ginshiƙin yarjejeniyar aiki, misali ya daina biyan albashi, ana lissafa shi cikin waɗanda aka kora. Sai dai hanyar tana da tsawo, tana buƙatar shaida, kuma mai gidan haya ba zai jira shari'a ta ƙare ba. Ina ba da shawararta ga wanda ya riga ya sa hannu ne kawai. Irin wannan mutumin ya shigar da buƙatarsa ta kuɗin inshorar duk da haka, ya faɗi dalla-dalla yadda aka yi, in an hana shi ya ɗaukaka ƙara kafin wa'adin da ke jikin wasiƙar ya cika.

Ka lura kuma da takardar da za a kira "yarjejeniyar rabuwa". A Faransa irin wadda doka ta tsara tun 2008 tana ba da haƙƙin kuɗin, har da kwana 15 na janyewa. A Jamus kuwa takarda mai kama da ita tana iya jawo tsaikon mako 12 ɗin nan, sai in an nuna cewa dama korar na tafe. Sunan iri ɗaya ne, sakamako daban, don haka sai wanda ya san dokar inda kake ya karanta ta.

Yanzu ga abin yi. Yau ɗin nan ka aika wa manaja imel gajere: ranar kaza kun kira ni kun nemi in ajiye aiki, ni ban ajiye ba, a shirye nake in ci gaba, in kamfani ya yanke shawarar sallamata ina roƙon a ba ni a rubuce tare da dalili. Ka ajiye kwafinsa a wayarka, kada ka bar shi a kwamfutar ofis kaɗai. Ka ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci ko ranka ya ɓaci, domin wanda ya daina zuwa ana iya lissafa shi cikin masu murabus, kamar yadda dokar Faransa ta tanada tun 2023. Ka kai takardar wurin wakilin ƙungiyar ƙwadago ko lauyan harkar ma'aikata kafin ka sake zama da su.

Maganar takardar shaida mai kyau kuwa, ana iya neman ta a cikin sharuɗɗan sallama, ba sai ka yi murabus ba. Idan takardar sallamar ta zo, kada ka ajiye ta a aljihu kana jimami, wa'adin gajere ne. A Jamus, alal misali, kwana 3 gare ka ka yi rajista da hukumar samar da aiki idan sauran lokacin aikin bai kai wata 3 ba, mako 3 kuma ka shigar da ƙara in kana ganin an zalunce ka.