Abin Da Ya Sa Aikin Sola Ya Rataya A Kan Batir

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake fifita sola a kan iskar gas da nukiliya, alhali rana tana faɗuwa kullum, su kuwa ba ruwansu da dare.

Tashar wutar lantarki ta Egbin da ke Ikorodu a jihar Legas an gina ta domin ta ba da megawat 1,320, amma gas ɗinta sai ya biyo bututu tun daga yankin Neja Delta, kuma da zarar bututun ya samu matsala ko babban layin wutar ƙasa ya faɗi, Agege da Idi-Araba duk duhu ne. Nukiliya kuwa, tun 2017 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, har yau ba a gina tasha ba. Mai sayar da ruwan sanyi a Mile 12, wanda kuɗin man janareta ya isa tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ba zai iya wannan jira ba, mu kuwa cikin 'yan kwanaki muke kammala masa haɗi a kan rufin shagonsa.

Maganar dare kuma aikin batir ne, kuma nan nake so ka natsu. Batirin ruwa mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗaukar abin da zai riƙe kilowat 2.4 na awa ɗaya, amma rabinsa kawai ya kamata a zuƙa, domin wanda ake tatsewa ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Na litiyam ya fi tsada a kasuwar Alaba, sai dai ana iya amfani da kashi 80 cikin 100 nasa, yana jure caji sau dubbai, kuma ba ya bukatar ƙarin ruwa. Shi nake zaɓa wa duk wanda aljihunsa zai ɗauka.

Kada ka yi wa gidan Legas lissafin Kano. Hadarin Yuni da Yuli yana rage abin da farantin sola ke tarawa ƙwarai, saboda haka ka ƙara faranti, ka rubuta wat ɗin firji da fanka da awannin aikinsu kafin ka ambaci girman inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita, sannan ka gaya wa mai gida tun farko cewa dutsen guga da famfon ruwa da rana tsaka ake kunna su.