Amsa kan rubutun da clabel ke ɗorawa a kan layuka

Wallahi ɗan'uwa, da na ga tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce lambobin da clabel (umarnin da ke rubuta lamba a kan layukan contour, wato layukan da ke haɗa wurare masu ƙima ɗaya) ke sa maka a matplotlib, manhajar zane ta Python, suna hawa kan juna, kuma kana so su fito da alamar kashi cikin ɗari. Na sha wannan wahalar.

Ni abin ya same ni ne ana saura kwana biyu in miƙa aikina. Wani da muke aiki tare, mai ji da kansa, ya ce in sa manual=True kawai in huta. Bai gaya mini cewa wannan jira yake ka danna linzami a kan hoton ba. Ni kuma a kan babbar kwamfutar da ba ta da allo nake gudanar da aikin. Abu ya tsaya cak, na zauna har ƙarfe 3 na dare ina zargin lissafina, ina goge abin da ba shi da laifi. Da safe na faɗa masa, ya yi dariya ya ce ai kowa ya san haka. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

To, kada ka sa True. Ba wa manual jerin wuraren (x, y) da kake so, shi zai ɗora kowane rubutu a layin da ya fi kusa.

Maganar kashi, a fmt take, wato saitin da ke tsara yadda lambar za ta fito. Rubuta fmt='%1.0f%%', alamar % sau biyu a ƙarshe, in ba haka ba zai yi maka gardama. Ni yanzu ma dict (jerin da ke haɗa kowane abu da abokinsa) nake ba shi, kowane mataki da sunan da na ga dama.

Af, contourf, mai cike tsakanin layuka da launi, kake amfani da shi? In haka ne, zana contour a samansa ka ba clabel wancan. Cunkoson kuma, ba dole kowane layi ya sami lamba ba, levels=cs.levels[::2] ya ishe ka, wato a riƙa tsallake layi ɗaya (cs shi ne abin da contour ya dawo maka da shi). Amma kada ka ƙirƙiro matakin da babu shi a zanen, saƙon kuskure na ValueError zai watso maka.

Abin da ya fi cin raina daga baya shi ne giɓin da saitin inline ke yankewa a layi don rubutu ya sami wuri. Da girman hoton a lokacin kiran yake auna shi, inline_spacing kuma, wato sararin da ake bari a gefen rubutun, pixel 5 ne in ba ka taɓa ba. Na canza xlim (iyakar x ta zanen) bayan clabel, giɓin ya yi faɗi kamar an ciji layin. Gama saita komai tukuna, clabel ya zo ƙarshe.

Turo layukan Python da ka rubuta mu gani in ya ƙi.