Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan keke a dawwar

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka ta hana ni barci jiya. Ka ce ka samu aikin kai saƙo a baƙala, wato kantin unguwa, akwai dawwar, wato shataletale, guda biyu a hanyarka, shekaranjiya wata mota ta yanko gabanka za ta fita, saura ƙiris ta kwashe ka, kana so ka sani ko raɓewa gefe ya fi ko shiga tsakiyar layi. Wallahi da na karanta sai da na dafa kafaɗata. Shekara 6 ke nan ina taka keke a Jidda, kuma har yau hannuna na dama ba ya ɗaga jarkar ruwa.

Gefen nan da kake gani kamar mafaka, shi ya karya ni.

Bayan rusau ɗin 2022 da ya tashe mu daga unguwar Gulail, hanyar aikina ta ninka, dole na fara bin wani dawwar mai layi uku. Ranar wata Talata ce cikin azumi, saura kamar minti 20 a sha ruwa, kun san dai yadda titi yake komawa a wannan lokaci. Na shiga ina manne da gefen dama, mafita ta uku zan bi. Na wuce ta farko lafiya. Ina daf da ta biyu sai wani farin wanet, wato a-kori-kura, ya taso daga layin ciki, ba sigina, ba hon, ya karyo kai zai fita. Jikin ƙofarsa ya daki kan keken. Abin da na tuna shi ne ƙarar da kafaɗata ta yi a bakin kwalta, ƙas, kamar an karya rake.

Ciwon ya warke iya warkewarsa, amma mutumin nan bai fita daga raina ba. Ya sauko da waya a hannu, bai ma kashe kiran ba. Ina kwance cikin dabinon da na sayo na buɗa baki, ya wuce ni ya je yana shafa ƙofar motarsa, yana duba fenti. Fenti fa! Sai da ya gama sannan ya juyo ya ce "ma shuftak", wai bai gan ni ba, ya ƙara da cewa me ma ya kawo keke nan. Ba sannu, ba salamat. Ba zan faɗi ɗan wace ƙasa ba ne, don kada a ce ƙabilanci nake yi, kuma wanda ya tallafe ni ya sa min dabino a baki da aka kira salla wani dattijo ne Basudane, Allah ya saka masa da Aljanna. Shi kuwa wancan riyal 200 ya zaro ya cusa min a aljihu, ya ce khalas, iyalinsa na jiran sa. Na karɓa. Igamata, wato takardar izinin zama, da ranta a lokacin, amma tsoron nan da ya bi jininmu, da an ambaci askar, wato 'yan sanda, sai gaba ya faɗi, shi ya rufe min baki. Wata 2 ina kwance. Kuɗin sallar da na saba tura wa mahaifiyata a Haɗeja bai tafi ba, na ce mata kasuwa ce ta yi sanyi, don ba zan iya gaya mata gaskiya ba. Har yau in na ga farin wanet sai na leƙa fuskar direban. Na yi ta roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, ban kai ba tukuna.

To ka ji. Dokar Murur, wato 'yan sandan kula da hanya, ta ce wanda yake cikin dawwar shi ke da hanya, mai shigowa ya jira, kuma akwai tarar riyal 500 zuwa 900 ga wanda ya ƙi. Amma kada ka jingina ranka da wannan. Direban da zai shigo hagunsa yake kallo, kuma abu mai girman mota idonsa ke nema. Kai da ke rakuɓe a gefe, sandar gilashin gabansa kaɗai ta isa ta ɓoye ka. Wanda zai fita kuma gani yake ai ya wuce ka, ko ya ɗauka kai ma fita za ka yi tunda kana gefe. Ka ga gefen ya ajiye ka daidai inda masu shiga da masu fita suke gittawa.

In ƙaramin dawwar ne na cikin unguwa mai layi ɗaya, tun kafin ka isa ka waiga, ka miƙa hannu, ka kama tsakiyar layin yadda ba wanda zai iya raɓa ka. Za su danna hon, wani ma ya zage ka. Ƙyale su, sakan nawa ne? Amma mai layi uku ko huɗu, don Allah sauka ka tura. Ka ɗan matsa daga bakin dawwar ɗin, ka tsallake hanyoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Haka nake yi yanzu. Manyan hanyoyi irin Ɗariƙ Madina da Sittin, wajen Dawwar Darraja inda ƙaton keken ƙarfen nan yake, ni na haramta wa kaina su, gara na zagaya ta lungu.

Kuma kada ka kuskura ka jera da wayit, wato tankar ruwa, ko tirela. In babbar mota za ta karya kwana, tayoyin baya suna shigowa ciki fiye da na gaba, direban kuma ba ya hango ka ta damarsa. Tsaya a bayanta ta wuce. Wani abin da na koya a makare: daina neman idon direba, gilasan nan masu duhu ba za ka ga komai ba. Tayar gaba za ka kalla. In tana juyawa, bai tsaya ba, ko da ya ɗaga maka hannu.

Mu ma muna da namu laifin, a faɗi gaskiya. Yaranmu nawa nake gani suna bin hanya a baibai, abin kunne a toshe, ledoji rataye a kan keke hagu da dama, jallabiya na shara kusa da sarƙa? Sa wando. Kaya su koma kwando a baya, a ɗaure. Sayi hular kwano da rigar nan mai ƙyalli irin ta 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, da jar fitila ta baya, ko cin bashi za ka yi. Ranar da na faɗi ba hula a kaina, tazarar da ke tsakanin ƙeyata da dakalin titi ba ta kai tafin hannu ba.

Mai baƙalar taka kuma, ka zauna da shi tun yanzu. In yana ce maka yalla yalla, kwastoma na jira, ka tambaye shi wa zai biya asibiti. Nawa uban gidan sau ɗaya ya kira ni, shi ma tambayar yaushe zan dawo ya yi. Ka san matsayin inshorar lafiyarka kafin ka buƙace ta.

In Allah ya ƙaddara wani abu ya faru, ba fata ba, kada ka yi irin tawa. Ka kira 997 na Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, ko 911, ka ɗauki hoton lambar motar, in ba ka iya ba ka roƙi wani ya ɗauka. In akwai rauni maganar ta Murur ce, lambarsu 993, Najm, kamfanin da ke duba hatsari don inshora, na hatsarin da ba a ji ciwo ba ne. Kada ka karɓi kuɗin kowa a bakin titi, kada ka sa hannu a tanazul, wato takardar yafe haƙƙinka, jikinka na ɗumi, don zafin karaya sai dare yake bayyana. 'Yan'uwan da takardunsu ke da matsala na san abin ya fi haka nauyi, su ya kamata su fi kowa sauka su tura.

Ba ka faɗi waɗanne dawwar ba ne. Turo min sunan unguwar. Ranar Juma'a da safe titi ba kowa, in Allah ya kai mu zan fito da nawa keken mu bi hanyar tare, in nuna maka inda za ka riƙa sauka.