Kawu, ga abin da ya sa muke gadin sheƙar shaho

Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙon muryarka ya iso, na saurara har sau biyu, na biyun tare da maigidan muna ta dariya. Ka ce watannin baya ka kira ƙaramar jikarka ku gaisa, ta ce maka ka yi haƙuri ka sake kira an jima don shaho na gab da ƙyanƙyasa. Shi ne kake tambaya ko zaman Ingila ne ya mai da mu haka, babba da yaro mu tasa waya a gaba muna kallon tsuntsu, tsuntsun ma shaho, kuma wai a saman coci. Na ja mata kunne a kan katse ka da ta yi, wannan kam rashin kyautawa ne. Amma batun kallon, ba zan ɓoye maka ba, ni na koya mata.

Wannan shahon ba shi ne wanda ka sani yana shawagi yana neman abin da zai sura a ƙasa ba, duk da dai dangi ne. Shi a sama yake farautarsa, tsuntsaye 'yan'uwansa yake ci, galibi tattabaru. Yakan lula can ƙololuwa, ya haɗe fukafukai ya sulmiyo kamar an jefo dutse, gudun da ya haura kilomita 300 a awa, ya bugi abin da ya nufa da ƙafa. Ba a san wata halitta mai rai da ta kai shi sauri ba. Sunan da masana suka ba shi a Latin, peregrinus, ma'anarsa baƙo ko matafiyi, kuma in ka cire Antatika babu nahiyar da ba ya nan. Asalin mazauninsa goshin duwatsu ne da gaɓar teku mai tsayi. Da ya shigo birane sai ya ga hasumiya da dogon bene, a idonsa duk dutse ne, ga kuma tattabaru ba iyaka. Ka ga ke nan ba ruwansa da coci, tsayi ya bi. A wasu garuruwan a ginin jami'a yake, a wasu a asibiti ko gada. Mu namu ya zaɓi hasumiyar majami'ar tsakiyar gari, mu kuma tsuntsun muke kallo, ba abin da ake yi a ƙasan hasumiyar ba.

Abin da ya sa mutanen nan suke ji da shi haka, sun taɓa kusan rasa shi ne, kuma da hannunsu. A 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwamnati ta ba da umarnin a riƙa harbe shi saboda yana cinye tattabarun da sojoji ke aika saƙo da su, aka kashe ɗaruruwa. Bai gama farfaɗowa ba sai ga maganin ƙwarin gona, irin su DDT. Ƙananan tsuntsaye su ci hatsi da ƙwari masu guba, shaho ya ci su, gubar ta taru a jikinsa. Wani masani, Derek Ratcliffe, shi ya nuna a 1967 cewa ɓawon ƙwan ya yi laushi, uwa ta hau kwanci ƙwai ya fashe a ƙarƙashinta. Sai da aka hana magungunan nan sannu a hankali, aka kuma yi dokar kare namun daji ta 1981, kafin ya dawo sosai. Ƙidayar 2014 ta sami aure 1,769, wato mace da namiji masu riƙe da wurin sheƙa. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya ce har ya yi aure bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba, yanzu kuwa yana zaune a kujerar lambunsa suke wuce shi.

Kyamarar da ke nuno mana sheƙar a waya kuma ba wani abin mamaki ba ce. Da farko akwati mai faɗi ake kafa wa tsuntsun a jikin ginin, a zuba tsakuwa, don shi wannan tsuntsu ba ya tara kara da ciyawa, ɗan rami kawai yake yi da ƙirjinsa. A garin Derby an kafa irin wannan a 2006, shekara ta zagayo aka sa kyamara, Norwich ma suna da nasu a jikin tsinin babbar majami'arsu. Kowa da intanet zai iya buɗewa dare da rana, kyauta.

Yadda abin ya shigo cikinmu kuwa, ta hannun yara ne. Malamansu kan kunna musu a aji, su dawo gida su dame ka. Daga nan iyaye mata muka kama, har aka buɗe wa abin zaure na musamman a WhatsApp don an ce muna cika na jama'a da hotunan tsuntsu. Ka san yawancinmu a nan masu aikin dare ne, wasu a asibiti, wasu gidan kula da tsofaffi, wasu tuƙin tasi. Ga shi a watan Mayu da Yuni asuba kan yi tun wajen ƙarfe 3, kafin 5 rana ta fito. In ka idar da salla barci ya ƙi zuwa, sai ka leƙa sheƙa. Don haka kusan kullum wani daga cikinmu ne ke fara ganin abin da ya faru, tun kafin 'yan gari su farka. Wannan yana yi mana daɗi fiye da yadda ya kamata, na yarda.

Wajen ƙarshen Maris macen take fara saka ƙwai, jajaye masu ɗige-ɗige, ɗaya bayan kamar kwana biyu, har uku ko huɗu. Ba ta zama a kansu sosai sai ta kusa gamawa, shi ya sa 'ya'yan ke fitowa kusan tare. Kwancin wata guda ne da 'yan kwanaki. Ka ce me za a kalla a tsuntsuwar da ke kwance? Akwai, Kawu. Ta fi mijin girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka in ya karɓe ta don ta je ta ci abinci, sai ka gan shi yana ta mutsu-mutsu, ya rufe wannan ƙwan wancan ya leƙo. In ta dawo kuma wani lokacin ya ƙi tashi, ta tsaya a kansa tana kallonsa har ya ji kunya. Na taɓa ganin ƙanƙara ta zubo ta rufe mata baya fari fat, ba ta motsa ba. A ranar babu wanda ya yi wasa a zauren.

Ƙyanƙyasar ita ce ke hana mu barci. Daga lokacin da ɗan ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yakan ɗauki yini da kwana, wani sa'in fiye. Ya fito a jiƙe, bai kai nauyin ƙwan kaza ba, kai na rinjayarsa. Bayan 'yan awoyi ya bushe ya koma kamar curin auduga. Uban ne ke farauta a kwanakin farko, ya kawo a fige, uwar ta fizge daga ƙafarsa ba ko godiya, ta riƙa yago ƙanƙanin nama tana miƙa wa kowane baki. Cikin mako uku sun ninka nauyinsu kusan sau goma, ƙafafu sun yi musu yawa, suna tafiya kamar masu sabon takalmi. Kuma suna da tsabta irin tasu: in za su yi kashi sai su juya baya su harba waje. Wata shekara ɗayansu ya saita idon kyamara, muka yi kwanaki muna kallon hazo har ruwan sama ya wanke, don ba wanda ke da izinin hawa ya goge.

A nan ne al'adar mutanen nan ta fi ba ni wuya da farko. Dokarsu ita ce ka kalla, kada ka taɓa. Laifi ne a tayar wa tsuntsun hankali a sheƙarsa, ko masu kula da shi sai da lasisi suke zuwa kusa. Akwai shekarar da ƙaramin cikinsu ya makara fitowa, yayyensa suka fi shi wuya da baki. Uwar ba ta rabo da adalci, wanda ya fi miƙo kai shi take ba wa. Muna gani yana ƙanƙancewa. Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ta rubuta wa masu kyamarar cewa su hau su ɗauko shi a ba shi abinci, suka amsa cikin ladabi cewa ba za su sa hannu ba. Ya mutu ran kwana na shida. Autata ta yi kuka har ta ƙi zuwa makaranta. Na ji haushinsu a lokacin, yanzu kuwa ina ganin suna da gaskiya, ko da yake har yau ban iya kallon irin wannan ba, kashe wayar nake yi. Ranar ce na fara zama da yarinyar nan muka yi maganar mutuwa da Hausa, ba da Turanci ba.

Wannan ma wani amfanin ne da ban zata ba. Yaranmu Turanci ya fi zama a bakinsu, ka sani, kai ma kana ƙorafi. To a gaban sheƙar nan suka koyi kwanci, da ƙyanƙyasa, da fiffike, da figa, da shawagi. Malamin da ke karantar da su ranar Asabar ya lura, sai ya kawo musu ayar Suratul Mulk da ke cewa a dubi tsuntsaye a sama suna shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, ba mai riƙe da su sai Mai rahama. Ba a taɓa samun ayar da suka haddace da sauri kamarta ba.

Sau ɗaya ake zuwa sheƙar, in 'ya'yan sun kai kamar mako uku. Masu lasisi su sauko da igiya daga saman hasumiya, a auna su, a sa musu zobe a ƙafa, ɗaya na ƙarfe ɗaya mai launi da haruffan da za a iya karantawa daga nesa. A nan ake sanin mace da namiji, don matan sun riga sun fi nauyi. Uwar kuwa tana kewaya sama tana zunduma ihu har a gama.

Daga nan sai audugar ta fara zuba, gashi mai ruwan ƙasa ya ɓullo, su yi muni na ɗan lokaci kamar tsohuwar katifa ta fashe. Wajen mako na biyar suna tsayawa a bakin akwatin, su ƙanƙame gefe da farce, su yi ta kaɗa fukafukai har ƙafa ta ɗaga. Iyayen sun daina ba su a baki, jefar da naman suke su tafi. Har ka ga uwar ta gifta da tattabara a ƙafa, ta wuce ba ta sauka ba, su bi ta da kuka. In ka ga haka, tashi ya zo. Mazan ne kan riga, don sun fi sauƙin jiki, wajen kwana 40 da ƙyanƙyasa. Ba wani shiri ake gani ba. Kana kallon uku, ka ɗauke ido ka zuba shayi, ka dawo ka ga biyu. Wani da niyya ya tafi, wani iska ce ta kwashe shi, wani ɗan'uwansa ne ya ture shi garin kaɗa fiffike.

A makon nan kyamara ba ta wadatarwa, sai a fita. Masu aikin sa-kai kan kafa madubin hangen nesa a filin da ke gindin hasumiyar, kowa ya zo ya leƙa. Nan za ka gan mu da hijabanmu da yaranmu a layi ɗaya da tsofaffin Turawa masu riƙe da ɗan littafin rubutu, kowa kansa a sama. Shekarata goma sha wani abu a garin nan, ban san wurin da baƙo da ɗan gari ke fara hira da sauƙi kamar wannan fili ba. Ba wanda ke tambayarka daga ina kake, tambayar ita ce ka ga inda macen ta sauka? Don matan, saboda nauyinsu, su suka fi faɗowa ƙasa. In ɗaya ta sauka a titi ba ta iya ɗagawa, sai a kira masu kula, a rufe ta da tawul, a sa a kwali, a hau da ita rufin hasumiya ta sake gwadawa. Maigidan ya taɓa tsare mota da hannu saboda wata ta sauka a bakin hanya, har yau yana ba da labarin kamar shi ya haife ta.

Ko sun tashi ba su gama da iyaye ba. Kusan wata biyu ana ciyar da su ana koya musu: uwa ta saki nama a sama, ɗan ya juya ya cafe da ƙafa, ya kuskure uban ya tare daga ƙasa. Kafin sanyi ya shigo sun watse neman nasu wurin. Fiye da rabinsu ba sa ganin shekara ta zagayo, wannan mun sani tun muna kallonsu suna auduga. Waɗanda suka tsira, wani lokacin bayan shekara biyu ko uku sai a karanto haruffan zobensu a wata hasumiyar, a wani garin, suna kan nasu ƙwan.

Babbar jikarka, wadda ta fara kawo mana wannan kallo tana aji huɗu, a watan Satumba za ta tafi jami'a a wani gari mai nisan awa uku da mu. Bana ban ce komai ba da uwar ta gifta da nama ta ƙi sauka, ita ce ta juyo ta dube ni tana murmushi.

Na tura wa yaron wajenka adireshin kyamarar, zai buɗe maka a wayarsa. Yanzu akwatin ba kowa, sai tsakuwa da gashin tattabaru, wani lokacin uban ya zo ya zauna shi kaɗai da yamma. Ka bari sai Maris, in Allah ya kai mu, zan kira ka ranar da ta saka na farko. A gaida Inna da mutanen gida duka.